Nordelta: birnin bayan katanga da maƙwabtan da ruwansa ya ci

A shekarar 2013 an tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a arewacin Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Mutanen unguwar Las Tunas, unguwar talakawa da 'yan ƙwadago, suka wayi gari ruwa ya cika musu ɗakuna, ya kuma ƙi janyewa. Sun san hanyar da ruwan nan ya saba bi tun zamanin iyayensu: yakan malala cikin fadama, ya bazu, sannan ya gangara kogin Luján a hankali. To amma fadamar babu ita. An cike ta da ƙasa, an ɗaga ta sama da unguwarsu, an zagaye ta da katanga. Da tura ta kai bango, sai mutanen unguwar suka ɗauko diga da guduma suka fasa wani sashe na katangar don ruwan ya samu mafita. Abin da ke bayan katangar shi ne Nordelta, rukunin gidaje masu shinge da ya fi kowanne suna a ƙasar.

Nordelta yana cikin ƙaramar hukumar Tigre, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar Buenos Aires, kuma faɗinsa ya kai kusan hekta 1,600. Kiransa unguwa ma rage masa girma ne. Gari ne sukutum, mai unguwanni sama da 20 a cikinsa, kowace da nata shingen da masu gadinta, wato katanga cikin katanga. A 2021 an ƙiyasta mazaunansa sun kai 40,000. Akwai makarantu masu zaman kansu, da asibiti, da manyan kantuna, da otal, da filin wasan golf wanda kamfanin shahararren ɗan wasan nan na Amurka Jack Nicklaus ya tsara, da tafkuna da aka haƙa, inda masu gida ke ɗaure jiragen ruwansu a bayan gida. Ƙungiyar masu gidaje ce ke tafiyar da tsaro da shara da gyaran titi, kowane gida kuma yana biyan kuɗin hidima duk wata. Mutum yana iya renon ɗa a nan, ya sa shi makaranta, ya kai shi asibiti, ya yi masa sayayya, yaron bai taɓa taka titin da jama'ar gari ke bi ba.

Asalin filin fadama ce, irin wadda kogi ke hawa idan ya cika. Wani injiniya mai suna Julián Astolfoni ne ya mallake shi tun shekarun 1970, da burin gina sabon gari irin waɗanda aka gina a kewayen birnin Paris na Faransa. Gwamnatin lardin Buenos Aires ta amince da tsarin a 1992, amma aiki bai kankama ba sai da attajiri Eduardo Costantini ya shigo da kuɗinsa a ƙarshen shekarun 1990. An fara sayar da filaye a 2000, mutane suka fara tarewa a 2001.

A lura da wannan shekarar, domin ita ce shekarar da tattalin arzikin Ajantina ya durƙushe.

Me ya kai su ciki?

Gidaje masu shinge ba sabon abu ba ne a ƙasar. Tun 1930 aka kafa rukunin Tortugas a yankin Pilar da ke wajen birnin Buenos Aires, wurin da masu hannu da shuni ke zuwa hutun ƙarshen mako da wasan dawakai. Shekara da shekaru irin waɗannan wurare gidajen hutu ne kawai, ranar Litinin kowa ya koma birni. A zamanin Shugaba Carlos Menem, daga 1989 zuwa 1999, lamarin ya sauya. An ɗaure kuɗin ƙasar da dala, peso ɗaya dala ɗaya, bashin banki ya samu, an sayar da kamfanonin gwamnati, aka ba 'yan kasuwa babbar hanyar arewa, Panamericana, suka faɗaɗa ta suna karɓar kuɗin hanya. Mai mota ya ga yana iya kwana a karkara ya yi aiki a birni. Waɗanda wannan zamani ya yi wa daɗi, manajoji da lauyoyi da likitoci da ma'aikatan kamfanonin waje, suka fara kwashe iyalansu zuwa bayan katanga. A daidai wannan lokacin masana'antu na rufewa, marasa aikin yi na ƙaruwa.

Sai ga Disambar 2001. Gwamnati ta taƙaita wa mutane cire kuɗinsu daga banki, aka fasa shaguna, aka kashe mutane a zanga-zanga, Shugaba Fernando de la Rúa ya yi murabus ya bar fadar gwamnati a jirgi mai saukar ungulu. A 2002 fiye da rabin mutanen ƙasar sun faɗa cikin talauci. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta yi kamari a kewayen Buenos Aires. A Maris 2004 aka sace wani ɗalibi mai shekara 23, Axel Blumberg, a arewacin birnin, aka kashe shi. Ranar 1 ga Afrilu mutane sama da 100,000 suka fito gaban majalisar dokoki riƙe da kyandir suna neman a tsare musu rai.

Na tsaya a kan wannan ne saboda sau da yawa idan ana maganar masu zama a irin waɗannan wurare, akan wuce tsoronsu a guje, a ce girman kai ne kawai. Ba haka ba ne. Uban da ya ga an sace ɗan maƙwabcinsa, ya kuma san cewa 'yan sandan lardin su kansu ana zargin wasunsu da hannu a irin wannan aika-aika, idan yana da halin sayen wurin da zai kwanta ido rufe, zai saya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da masu garkuwa suka addabe ta ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan tsoro.

Sai dai ba tsoro kaɗai ba ne. Masaniyar zamantakewa Maristella Svampa, wadda ta yi hira da mazauna irin waɗannan unguwanni ta wallafa bincikenta a 2001, ta nuna cewa da yawansu rayuwa suka je saye: ciyawa kore, iska mai kyau, yaro ya hau keke ya fita shi kaɗai ba fargabar mota ko ɓarawo. Akwai kuma abin da gwamnati ta kasa bayarwa, wato titi mai kyau, fitila mai ci, shara da ake kwashewa a kan lokaci. Akwai jari, domin a ƙasar da kuɗinta ke zubewa, gida da ake ciniki da dala ma'ajiya ce. Sannan akwai wanda ba a cika faɗa da baki ba: son zama da irinka, 'ya'yanka su tashi da 'ya'yan irinka, su yi makaranta tare, gobe su yi kasuwanci tare, su auri juna. Wannan na ƙarshen shi ne ke daɗewa ko bayan tsoron ya lafa.

Ina ruwan ya tafi?

Dokar lardin ta hana yanka filayen zama a ƙasa mai kwari wadda ruwa ke ci. Wannan ya sa fadamun Tigre suka daɗe ba su da daraja, ana samunsu a araha. Masu gine-gine suka gano dabara: a yashe tsakiyar fadamar a yi tafki, ƙasar da aka kwaso a cike sauran filin da ita har ya haura matakin da doka ta ce. Da jifa ɗaya an samu biyu, filin ya halatta, ga kuma tafki a bayan gida wanda ke ninka farashinsa. Filin da aka saya a banza ya koma zinariya.

Amma fadama tana da aikinta. Idan kogi ya cika, ko iska mai ƙarfi ta kudu maso gabas ta tura ruwan Río de la Plata, babban kogin da birnin Buenos Aires ke bakinsa, baya ta hana ƙananan koguna zuba, fadamar ce ke shanye rarar ta riƙe ta kwanaki. Idan aka cike ta, ruwan bai ragu da ko bokiti ɗaya ba. Wuri kawai zai nema, kuma wurin da zai samu shi ne mafi kwari. Las Tunas, wadda a yau unguwanni masu katanga suka yi mata zobe, ta zama kwarin. Rafin da ya ratsa ta yana wucewa ta cikin yankin Nordelta kafin ya kai kogi. Mutanen da suka gina gidajensu da hannunsu, bulo bayan bulo, tun kafin a san za a yi wani Nordelta, su ne ke ɗaga katifa da firji duk lokacin da hadari ya haɗu.

Masu Nordelta ba su yarda da wannan zargi ba. Nasu bayanin shi ne ambaliya ta girmi aikinsu, kuma rashin magudanan ruwa da sharar da ke toshe rafi su ne matsalar. Suna kuma nuni da gidauniyar da suka kafa, wadda ke ayyukan lafiya da ilimi a Las Tunas. Akwai ƙamshin gaskiya a cewa yankin dama mai ambaliya ne, kuma taimakon gidauniyar taimako ne na gaske ga wanda ya samu. Amma masana ilimin ƙasa na Ajantina, irin su Patricia Pintos ta Jami'ar La Plata, sun shafe shekaru suna bin diddigin dubban hektocin fadama da aka cike a gaɓar kogin Luján, ba Nordelta kaɗai ba, har da ɗimbin rukunan da suka kwaikwaye shi. Kowane ɗaya yana iya cewa nawa bai kai ya jawo ambaliya ba. Idan aka haɗa su, kogin ya rasa wurin miƙe ƙafa. A 2016 mai shari'a Sandra Arroyo Salgado ta kotun tarayya da ke San Isidro ta ba da umarnin dakatar da wasu sababbin gine-gine irin waɗannan a yankin har sai an auna illarsu gaba ɗaya. Umarnin ya zo ne bayan an riga an cike mafi yawan abin da ake magana a kai.

A ganina nan ne zuciyar lamarin take. Tsohuwar ganuwar Kano da mai kuɗi da talaka ta zagaye, da fada da kasuwa, har da gonaki, kuma abin da ake tsoro yana wajen gari. Katangar Nordelta kuwa ta tsakiyar jama'a ɗaya ta bi, ta raba masu zaɓen shugaba ɗaya, masu shan ruwan kogi ɗaya. Wanda ke ciki ya sayi tsira daga ambaliya, ambaliyar kuma ta koma kan wanda ba a tambaye shi ba.

Masu shiga da safe

Gari mai mutum 40,000 masu hali ba ya tafiya sai da hannaye. Kullum da asuba dubban mutane ke tururuwa zuwa ƙofofin Nordelta: 'yan aikin gida, masu reno, masu yankan ciyawa, magina, masu wanke tafkin wanka, da masu gadin kansu. Da yawa daga cikin matan daga unguwannin talakawa na kewaye suke, wasu kuma baƙi ne daga Paraguay da Peru ko lardunan arewacin ƙasar. A bakin ƙofa za a nuna katin shaida, a duba suna a kwamfuta, a tabbatar mai gida ya ba da izini. Wajen fita akan buɗe jaka a duba. Matar da aka damƙa wa jariri da makullin ɗaki tun safe, da yamma sai ta buɗe jakarta a gaban maigadi.

Shekara da shekaru babu motar haya ta jama'a da ke shiga Nordelta. Wuri ne mai faɗi, daga ƙofa zuwa wasu unguwannin tafiyar kilomitoci ce. Wani kamfanin bas mai zaman kansa ne kaɗai ke jigila, da mazauna da ma'aikata duka. A Nuwamba 2018 'yan aikin gida suka tare hanya. Kokensu shi ne motocin sun daina tsaya musu, suna wuce su da kujeru babu kowa, su kuma suna tsaye a rana ko cikin sanyi suna jiran wata motar daban da aka ware musu, wadda ke zuwa jefi-jefi a cike maƙil. In sun makara, uwar gida ta yi faɗa. Sun ce dalilin da suka ji shi ne wasu mazauna sun yi ƙorafin cewa suna da surutu, suna taunar cingam, suna wari. Kamfanin da wakilan unguwar sun musanta cewa an nuna wariya, kuma a gaskiya akwai mazauna da suka fito fili suka goyi bayan matan. Amma hotunan bidiyon da matan suka ɗauka da wayoyinsu sun zagaye ƙasar, maganar ta kai gaban hukuma.

Rigimar ta tono abin da mutane da yawa suka manta: babban titin da ya ratsa Nordelta, a doka, titin jama'a ne. Majalisar ƙaramar hukumar Tigre ta amince a shigar da bas ɗin haya, kuma a 2019 bas mai lamba 723 ya fara shiga, duk da adawar wasu mazauna da ke cewa zai kawo ɓarayi. Kusan shekara 18 kenan da tarewar mutanen farko kafin mai wanke musu bayi ta samu motar da za ta hau da kuɗin mota irin na kowa.

Wannan ya fi ba ni takaici fiye da batun ruwa, domin ruwa ana iya cewa lissafin injiniya ne ya kuskure. Ƙin zama kujera ɗaya da matar da ke dafa maka abinci kuwa tarbiyya ce, kuma katanga ce ke koyar da ita. A unguwar da aka cakuɗa, mai kuɗi yana haɗuwa da talaka a layin burodi, a tashar mota, a wurin ibada, a matsayin maƙwabci. A Nordelta talaka ɗaya ne kawai yaro ke gani, wanda ke sanye da kayan aiki, ya shigo da izini, zai fita kafin dare. Svampa ta lura da wannan tun da wuri. Yaran da suka tashi a ciki suna da 'yanci sosai a bayan shinge, amma idan suka fita birni sai su rikice, ba su san yadda ake hawa bas ko tsallaka titi ba, kuma duk baƙuwar fuska abin tsoro ce. Ta kuma rubuta yadda wasu samarin cikin ke fasa kayan maƙwabta da ɓarna iri-iri, iyaye su rufe maganar a cikin gida don kada a kira 'yan sanda sunan unguwa ya ɓaci.

Shi kansa tsaron da aka je nema bai cika ba. Fashi a kan titi da ƙwacen mota sun yi ƙaranci a ciki, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma katanga talaka take tacewa, ba ta tace mai kuɗi. A Oktoba 2012 aka kama Henry de Jesús López Londoño, wanda ake yi wa laƙabi da Mi Sangre, ɗaya daga cikin manyan masu safarar hodar ibilis na Kolombiya, a yankin Pilar, kuma Nordelta na cikin wuraren da ya zauna da iyalinsa. Abin da ya jawo mutanen kirki shi ya jawo shi: ba mai shiga sai da izini, ba mai tambayar inda ka samo kuɗi. An gudu ba a tsira ba. Shekara goma kafin nan, a Oktoba 2002, an kashe wata mata a cikin gidanta a rukunin Carmel da ke Pilar, shari'ar da ta ɗauki fiye da shekara 20, kuma wanda kotu ta ɗora wa laifin a ƙarshe maƙwabcinta ne na cikin shingen.

A 2021 sunan Nordelta ya zagaye duniya saboda wata dabba da ake kira carpincho, mafi girma a dangin su ɓera da gafiya, wadda ke kai kilo 60, mai son ruwa da ciyawa. Garke-garkensu suka riƙa kiwo a lambunan mutane, suna tare titi, suna cizon karnuka. Wasu mazauna suka nemi a kwashe su, wasu suka tsaya kai da fata a bar su. Lauyan kare muhalli Enrique Viale ya ce ai ba dabbobin ne suka mamaye Nordelta ba, Nordelta ne ya mamaye gidansu. Daga baya aka koma yi musu maganin hana haihuwa. 'Yan jarida daga ƙasashe da dama sun zo saboda dabbobin nan, fiye da waɗanda suka taɓa zuwa saboda mutanen Las Tunas.

Wa ya ba da izini?

Ban ga amfanin ɗora laifin duka a kan iyalin da suka sayi gida don 'ya'yansu su samu wurin wasa ba. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne hukumar da aka ba amanar gari gaba ɗaya. A 1977, zamanin mulkin soja, lardin Buenos Aires ya kafa dokar amfani da ƙasa mai lamba 8912. Dokar ta wajabta a kai kayan more rayuwa kafin a yanka fili a sayar, abin da ya kashe tsohuwar hanyar da ma'aikaci ke sayen ɗan fili a araha yana biya kaɗan-kaɗan. Dokar dai ita ce ta buɗe ƙofa ga rukunan hutu masu shinge. Talaka ya rasa hanyar halal ta samun fili, ya koma mamaye kango da bakin rafi, mai kuɗi kuma ya samu doka a gefensa. Ƙananan hukumomi, waɗanda aljihunsu ya bushe, suka riƙa maraba da duk mai zuwa da jari, suna sauya wa filaye matsayi, domin unguwa mai katanga tana gina titinta, ba ta zuwa neman kwalbati.

Nan ma akwai asara da ba a gani nan take. Mutanen da suka fi kowa murya, masu iya kiran kwamishina a waya, idan suka sayi tsaronsu da makarantarsu da asibitinsu, sun daina matsa wa gwamnati ta gyara na kowa. Ko harajin ma ba koyaushe yake shiga ba. A Oktoba 2020 gwamnan lardin, Axel Kicillof, ya fito ya ce yawancin unguwanni masu shinge ba su da cikakkiyar rajista kuma ba sa biyan harajin da ya dace, hukumar harajin lardin ta sha gano manyan gidaje da a takarda har yanzu fili ne ba gini. A cikin watan nan dai dubban 'yan sanda suka kori iyalai marasa muhalli da suka kafa bukkoki a wani fili a Guernica, kudu da birnin, filin da aka tanadi wani sashensa don gina wata unguwa mai katanga.

Dokar kare fadamu ta ƙasa, wadda za ta tilasta a ƙidaya su a kuma fayyace inda ba a gini, ta wuce majalisar dattawan Ajantina sau biyu, a 2013 da 2016, duka biyun ta mutu a majalisar wakilai, inda masu gine-gine da manyan manoma da kamfanonin haƙar ma'adinai ke da masu sauraronsu. Kamfanin Costantini kuwa tuni ya matsa gaba zuwa ƙaramar hukumar Escobar, a gaɓar kogin Luján ɗin dai, inda yake gina gari na biyu mai suna Puertos a kan fili mai kusan hekta 1,400, da tafkinsa da aka haƙa a tsakiya.